Ranar Da Ba Ta Cikin Kalanda

Maganin mura ya shigo saya da hantsi, bai fita daga kantin ba sai bayan la'asar.

Guguwa ake ce masa a unguwar, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai zalunce shi ba. Tun bai gama sakandare ba ya ajiye jaka. Ya yi gyaran waya, ya yi ɗinkin kujeru, ya bi babbar mota yana ɗaure kaya, ya dawo ya faɗa shagon buga takardu. A can ne wata tsohuwar kwamfuta ta kama shi. Da kansa ya koyi yadda ake yi wa rumbun bayanai magana, daga kallon bidiyo a waya da kuma ɓata abu ya sake gyarawa. Ummansa kan ce ɗanta ba ya bari kujera ta ɗumama a ƙarƙashinsa.

Da ya tura ƙofar gilashin, yarinyar da ke bayan kanta ba ta ɗago ba. Tana sanye da farar rigar aiki, tana harara kwamfuta kamar ta yi mata rashin kunya.

"Sannu da aiki. Maganin mura nake so."

"Ɗan yi haƙuri, faɗa nake yi da wata."

"Wa ke cin wani?"

Sai a sannan ta ɗago. Ta so ta haɗe rai, dariya ta ƙwace mata, wushiryarta ta bayyana. Guguwa ya nemi murar da ta kawo shi ya rasa.

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Ta ce so take a jera mata magungunan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa, amma abin ya ɗauko na ƙarshen shekara ya ɗora a sama, na watan gobe kuma ya jefa shi can ƙasa.

Ya leƙa, ya yi ɗan tsaki.

"Wanda ya haɗa muku wannan, kamar sunan mutum ya ajiye kwanan wata. A wurinta rubutu ne kawai, ba ta san Maris na bin Fabrairu ba. Duba nan. Wani ya fara da rana, wani ya fara da wata. Wannan kuma cewa ya yi 'ƙarshen wata', shi ke nan."

"Wannan Baba ne."

"To Allah ya ƙara wa Baba lafiya, rubutunsa ya fi na kowa kyau."

Ta rufe baki da hannu. Shi kuwa ya samu fili. Ya gaya mata rumbun yana da gurbi iri-iri: akwai na kwanan wata zalla, akwai na lokaci zalla, akwai mai ɗaukar duka biyun har da daƙiƙa. In an zuba kowane abu a gurbinsa, sai kwamfutar ta iya lissafi, ta ƙara, ta rage, ta faɗi tazarar da ke tsakanin wannan rana da waccan.

"Kai injiniya ne?"

"Na kusa."

"Injiniyan na-kusa," ta ce. "To zauna mu gani."

Mahaifinta, wanda kowa ke kira Mai Magani, dogon mutum ne mai tabarau, ba ya dariya sai da dalili. Ya fito daga ofis ya tsaya a kansu, ya ga jerin ya miƙe tsaf, ya ce, "Gobe ka dawo." Haka Guguwa ya samu aiki, aiki kuma ya samu Guguwa.

Watanni ya yi yana kwashe tsofaffin ranaku daga gurbin rubutu zuwa gurbinsu na gaskiya. Ita ke karanto masa, shi yana shigarwa. Wata rana yana son gwada gurbin ranar haihuwa, ya ce ta ba shi tata.

"Ashirin da tara ga Fabrairu."

"Da gaske?"

"Shi ya sa kakata ke ce min Ba-ki-tsufa. Sai bayan shekara huɗu ranata ke leƙowa. In shekara ta yi min rowa, ran ashirin da takwas ake yi min a gida."

Da da kunnen aiki yake sauraro, da ya tsaya a nan ya yi tunani. Amma wushiryar yake kallo.

Da yamma ya aika mata saƙon farko.

"Ba-ki-tsufa, na saka ranarki a rumbu. Ya karɓa ba gardama. Ina ga shi ma ya ga abin da na gani."

Amsa ta zo kafin ya ajiye wayar.

"Injiniyan na-kusa, rumbun ya fi ka kunya, bai ce komai ba. Ka sha maganin murar kuwa?"

"Na warke tun a bakin ƙofa."

"To ka dawo da maganin, a sayar wa mai bukata."

Daga nan saƙonni suka zama kamar numfashi. Ta daina ce masa Na-kusa, ta koma Guguwata. Shi kuma ya ga wani abin mamaki a jikinsa: gari na wayewa ƙafarsa ba ta son ko'ina sai hanyar kantin.

Mai Magani ba ya yawan magana, amma tabaraunsa na gani. Wata rana ya kira shi ɗakin ajiya, tsakanin kwalaye, ya rufe ƙofa.

"Ɗana, rashin takardar makaranta bai dame ni ba. Ƙafarka ce ta dame ni. Na yi tambaya a kanka. Duk inda ka zauna sun yabi hannunka, kuma duk sun ce wata safiya suka neme ka suka rasa."

Guguwa ya sunkuyar da kai.

"'Yata ba shago ba ce da za ka gaji ka ja ƙofa. Wanda zan ba ta, sai na tabbata ranar da abu ya ɓaci zan waiga in same shi a tsaye. Kuma ban taɓa ganin babban mutum ya tako yana cewa kai nasa ne ba."

Maganar ta zauna masa a ƙirji, musamman ta ƙarshen. Mahaifinsa ya rasu da daɗewa. Baffansa, ƙanen mahaifin, yana can wata gona mai nisa, inda waya ba ta kamawa sai an hau tudu.

Ga kuma wakilin kamfanin magani. Saurayi ne mai digiri da mota mai sanyi, turarensa na riga shi shigowa. Ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya fi ba Guguwa haushi. Yakan shigo ya gaida Baba har ƙasa, ya daɗe a gaban kanta yana tambayar abin da ya riga ya sani, sannan ya waiga ya ce, "Mai gyara, ya aiki?"

"Yana son ki," Guguwa ya ce mata wata rana.

"Na sani. Kai fa?"

"Ni ai na wuce so, na shiga aikin yi."

Da sabuwar shekara ta kama, ya fito da abin da yake ganin zai ɗaga shi a idon Baba. Kantin na da tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga, masu karɓar maganin wata guda. Da yawansu sai magani ya ƙare, jiki ya motsa, sannan su tuna. Ya ce zai sa kwamfutar ta riƙa aika musu saƙo duk wata, ta kuma gaida kowa ranar haihuwarsa.

Rumbun yana da nasa umarni na ƙara wata guda a kan kowace rana, wanda masana suka gina tun asali. Guguwa ya dube shi ya ga kamar ya yi masa tsawo. Ya rubuta nasa, layi biyu kacal: kullum da safe a dubi lambar ranar yau, a nemo duk wanda ya karɓi magani a irin wannan lamba a watan jiya, a aika masa. Ranar haihuwa ma haka, in rana da wata sun yi daidai da na yau.

Abu ya yi kyau. Tsofaffi suka riƙa shigowa da waya a hannu suna cewa kanti ya kira su. Wani tsohon direba ya ce shi yanzu ya sallami ƙwaƙwalwarsa, sai waya ta yi kuka yake tashi. Mai Magani bai yaba ba, amma ya sa an sayo wa Guguwa kujera mai taya. Ranar ya koma gida yana tafiya kamar ƙasa ta yi masa kaɗan.

Fabrairu na gab da ƙarewa ya yanke shawara. Zai je da ƙafarsa ya ɗauko Baffa, kuma ba zai gaya mata ba. Ya zauna ya rubuta saƙon da ya fi kowane saƙo, ya ɗaura shi a ranar haihuwarta, ya bar wa kwamfuta amana.

"Baba, ina neman izinin 'yan kwanaki."

Mai Magani ya dube shi ta saman tabarau. "An fara ke nan."

"Zan dawo, Baba."

"Haka suka ce kana cewa."

Ita kuma ya ce mata, "Ranar haihuwarki, saƙona ne zai riga na kowa shigowa, duk inda nake. A ciki za ki ji inda na je."

"Ka yi alkawari?"

"Ni ina iya mantuwa. Rumbu ba ya yi."

Baffa sai da ya ja masa rai. Ya sa shi ɗaurin shinge, ya yi masa tambayoyi kamar alƙali, sannan ya ɗauko babbar rigarsa ya kakkaɓe. Ran ɗaya ga Maris suka kamo hanya. Motar na hawa babban titi wayar Guguwa ta fara rawa a aljihu. Ya zaro ta yana murmushi, ya tarar da saƙonninta na jiya a jere.

"Na tashi na duba waya. Ban ga komai ba. Na ce ƙila sabis ne."

"Azahar ta yi, Guguwata."

"Wakili ya kawo kek. Baba ya ce in karɓa. Na karɓa."

"Baba bai ce min komai ba. Da ma ya yi magana, da ya fi min sauƙi."

"Allah ya kiyaye hanya, duk inda ka dosa."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Baffa ya dubi fuskarsa ya ce, "Kai, lafiya? Ko rigar tawa zan mayar?"

Ya sauke Baffa wurin Umma, ya ari babur ɗin maƙwabci. A kantin ya same ta tana jera kwalabe. Ragowar kek na gefen kanta a cikin kwali mai ƙyalli, motar wakili na waje.

"Sannu da zuwa," ta ce, kamar mai gaida baƙo. "Me za a ba ka?"

Ya zagaya ya faɗa kujerarsa, ya buɗe rumbun. Ga saƙon nan zaune a inda ya bar shi, ba a taɓa shi ba. Ya dubi ranar da ya ɗaura shi, ya dubi kalandar bango. Ashirin da takwas, sai ɗaya ga wata. Layukansa biyu sun tashi kowace safiya suna jiran ashirin da tara, ita kuwa bana ba ta zo ba.

"Zo ki gani. Don Allah."

Ta zo a hankali, hannu a harɗe. Ta karanta.

"Ba-ki-tsufa, barka da ranarki. Ina gonar Baffa, na je ɗauko shi ya zo ya roƙa min ke a wurin Baba. Na zaga wurare da yawa ina neman abin da ban san sunansa ba, ashe yana bayan kanta yana faɗa da kwamfuta. Na gaji da tafiya. Ki ba ni wurin zama."

Ta karanta har sau biyu. Hawaye ya sauko, ta share da bayan hannu, ta ɗauki wani ƙaramin kwali ta maka masa a kafaɗa.

"Na fa gaya maka! Da bakina na ce maka ashirin da takwas!"

"Kin faɗa. Wani wuri nake kallo."

Dariya da kuka suka haɗe mata. Shi ma ya fara dariyar, sai ya tsaya cak. Layi biyun nan ba ranar haihuwa kaɗai suke riƙe da ita ba.

Ya buga tambaya da sauri: su wa suka karɓi magani a ranaku ukun ƙarshe na Janairu? Sunaye suka zubo, sun fi goma. Fabrairu ba ta da ashirin da tara bana, ba ta taɓa yin talatin ba, balle talatin da ɗaya. Babu wanda aka aika wa komai.

Ta sa yatsa a kan wani suna. "Tsohon direba. Bai zo ba. Ga Goggo mai ɗinki, ita ma." Ta waiga wajen ofis, ta rage murya. "Gyara yanzu ka aika musu. Baba ba sai ya sani ba. Ba yau ba, Guguwata, Baffa na gari."

Abin da ta faɗa mai yiwuwa ne, kafin shayi ya huce ya gama. Amma ya san tsofaffin nan. Wasu sai jika ya dawo yake karanta musu saƙo, wasu maganin ya ƙare tun jiya. Kuma babu mai haɗa maganin hawan jini a kantin nan sai da sanin Baba.

Ya ji ƙafarsa na yi masa irin ƙaiƙayin da ya saba, mai cewa ga ƙofa can. Ya miƙe, ya bi ɗaya ƙofar, ta ofis.

Mai Magani na zaune da wakili. Guguwa bai jira a sallami baƙo ba. Ya faɗi komai a tsaye, bai rage ba, bai kuma ɗora wa kwamfuta ba.

Wakili ya gyara zama. "Ai akwai umarnin da aka gina don wannan. Duk wanda ya yi karatun abin ya san shi."

"Gaskiya ne," in ji Guguwa. "Na gan shi. Na ɗauka na fi waɗanda suka gina shi wayo."



Mai Magani ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Ka san gidajensu?"

"Baba, babu lungun da ban taka ba a garin nan."

Suka haɗa magunguna, kowane da suna a jikin leda. Ita ta zauna kan waya tana kiran waɗanda za su ɗauka, shi ya hau babur. Yawon da aka daɗe ana yi masa gori a kansa, ranar ya biya. Ya san gidan da ƙofarsa ke bayan shagon walda, ya san wanda sai an bi ta ƙarƙashin gada. Goggo mai ɗinki ta ce saura ƙwaya ɗaya, ta sa masa albarka har ya fita. Tsohon direba kuwa a kwance ya same shi, ya ɗaure kai da ƙyalle.

"Yaron kanti! Wayar ba ta yi kuka ba."

"Laifina ne, Kawu. Tashi mu je Baba ya auna ka."

"A kan wannan abin? Ni da na tuƙa manyan motoci?"

"Riƙe ni da kyau, yau kai ne kaya."

Ya kawo shi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Mai Magani ya auna, ya ɗaure fuska, ya ba shi magani nan take, ya zaunar da shi har jinin ya sauka. Guguwa ya sake fita. Kafin magariba ledar ƙarshe ta isa hannun mai ita.

Ya dawo riga jiƙe da gumi, ya zauna ya goge layukansa biyu da hannunsa. Ya ɗauko umarnin da ya raina ya sa a wurin. Tana tsaye a kansa tana yi masa jarrabawa.

"Talatin da ɗaya ga Janairu, a ƙara wata."

"Ranar ƙarshe ta Fabrairu."

"Talatin da ɗaya ga Maris."

"Talatin ga Afrilu."

"Ni fa?"

"Ashirin da takwas, duk shekarar da ta yi miki rowa. Kuma da bakina zan fara faɗa."

Gyaran murya suka ji a bayansu. Ta yi wuf ta koma wajen kwalabe.

"An ce baffanka na gari," in ji Mai Magani.

"E, Baba."

"Ka ce masa gobe bayan la'asar ina gida." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Ban ce ina neman wanda ba ya ɓata abu ba. Na ce wanda zan waiga in gani. Na waiga." Ya ɗan taɓa tabarau. "Kuma saƙon nan da ƙafarka za ka kai shi. Kada ka ba kwamfuta."

A karon farko Guguwa ya ji dariyar Mai Magani. Daga wajen kwalabe ma wata ta tashi.

Baffa ya zo da babbar rigarsa, ya yi magana kamar wanda ya shekara yana shiri. Da aka zo tsayar da rana, ya ce shi dai roƙonsa ɗaya, a zaɓi wadda ke cikin kalandar kowace shekara, don ɗansa ya samu abin tunawa. Wakili ya aiko da saƙon taya murna, har da alkawarin kek.

Ranar ɗaurin auren, tsofaffin kanti suka cika layin gaba. Tsohon direba ya riƙa gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa angon nan ya taɓa ɗaukarsa a babur, kuma tuƙinsa ba laifi. Goggo mai ɗinki ce ta ɗinka wa amarya mayafi, ta ƙi a yi mata maganar kuɗi. Umma ta kama hannun amarya ta sa a nasa, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa tsufa ya riske su tare, har ita Ba-ki-tsufan. Aka amsa da amin har waje.

Da aka watse, wayar amarya ta yi ƙara. Ta duba.

"Matata, wannan da hannuna na aiko. Ɗago ki gani."

Ta ɗago. Yana bakin ƙofa, waya a hannu, yana murmushi.

"Shigo mana, Guguwata," ta ce. "Ga wurin zama."

Ya shigo ya zauna. Kujerar nan mai taya ta bayan kanta kuwa, har yau shi ne a kai. Ta ɗumama, ta lotsa, an sake mata taya, bai tashi ba.